Luguden Inna ya ɓace mini

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya zaman Kano? Mu a nan unguwar Alsawra sai godiya.

Kin tuna Ustaz Usman makaɗi, maƙwabcinmu na tsohuwar unguwarmu, Aljirif? An harbe ƙaninsa a shingen hanya, wai mu baƙi ne a ƙasar nan. Maimakon bindiga, ya zauna yana tsara kiɗan mutum talatin, masu goge da sarewa da ganga. Da luguden marigayiya Inna zai buɗe, wanda yake ji ta katanga muna yara. Ya ce, "Bari su ji tun yaushe muke nan."

Na buga masa a tebur, amma ƙarshen ya ɓace mini. Ke kike karɓa mata. Don Allah ki ari turmi, ki yi luguden, ki turo mini sautin ta waya.

A sa mu a addu'a. Ki gaida Malam.

Ƙaninki Isa