Ƙwallon Dabino a Ƙarƙashin Matashin Inna

Goggo Maryama, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Abin ya tsaya mini a rai, kuma babu wadda zan faɗa wa a unguwarmu maganar ba ta riga ni komawa gida ba.

Ni haifaffiyar Makka ce. A unguwar Hindawiyya na tashi, a nan kuma nake har yau da mahaifiyata, ina jinyarta. Inna ta haura tamanin. Tana ƙarama iyayenta suka taho da ita daga ƙasar Katsina a ƙafa, ta Sudan, suka yi hajji suka zauna. Yanzu ido ya tafi, gwiwoyi sun ƙi, amma kunne da baki, masha Allah, suna nan daram. Ni ce 'yarta ta fari, shi ya sa tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "waccan". 'Ya'yana da Larabci ya fi yawa a bakinsu har dariya suke yi, wai kakarsu ta manta sunan 'yarta.

Muna da ƙungiya ta matan Hausawan unguwa, wadda su Inna suka kafa tun ina yarinya. Mu ne girkin gidan rasuwa, mu ne dubiya, mu ne raka mara gata asibiti. Duk bayan shekara biyu ake zaɓen shugaba, a farkon watan hajji, kuma yadda muka tashi muka gani shi ne a taru a falon wata a ɗaga hannu. Wadda ta zo ta yi zaɓe, wadda ba ta zo ba ta ji labari. To a lokacin rabin matanmu sun tafi aikin girki da shara a tantunan Mina, waɗanda aure ya kai Jidda ba su samun zuwa, tsofaffi kuwa wa zai sauko da su daga bene? Har waɗanda suka zo ɗin ma, sai kowa ta leƙa hannun makwabciyarta kafin ta ɗaga nata.

Bana aka damƙa shirin zaɓen a hannun wata yarinya, Mujahida, ma'aikaciyar jinya ce. Goggo, in na fara yabon yarinyar nan sai takardata ta ƙare. Hausarta ma a karye take, rabi Larabci, amma da ta tashi a taro ta ce ba ranar zaɓe za a matsar ba, akwatin ne zai tashi ya bi mutane, sai kowa ta yi na'am. Ta samo babban gwangwanin madara, ta ɗinka masa hannun tsohuwar abaya a baki, yadda in kin zura hannunki ba mai ganin abin da kika saki. Saboda tsofaffin da ba su gani da waɗanda ba su yi karatu ba, ta ce babu takarda, kowace 'yar takara ta zaɓi alamar da hannu zai gane da shafawa. Masu tafiya Mina ta bi su suka jefa tun kafin su tafi. Ranar hutunta ta shiga mota da gwangwaninta da dattijuwa ɗaya mai shaida, har Jidda. Ta kuma bi gidajen tsofaffi daga nan har unguwar Ka'akiyya, tana hawa bene a cikin zafin nan, ba wanda ya biya ta ko na ruwa.

Mu biyu ne a takara, ni da Haifa. Ba zan ɓoye miki ba, Haifa mutuniyar kirki ce, ta fi ni haƙuri nesa ba kusa ba, kuma kullum ta zo gaida Inna sai ta matsa mata ƙafa. Da yake mahaifinta carbi yake sayarwa, sai ta ɗauki ɗan carbi. Ni kuma da aka sani da sana'ar dabino, na ɗauki ƙwallon dabino, ina ganin na yi dabara.

Gidanmu aka fara kawo wa gwangwanin. Inna ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwarta, sai dai ɗaga hannu a falo. Shekarar da mata suka fara zaɓen baladiyya, wato na ƙaramar hukuma, ta ci burin zuwa, sai ga shi an yi mata aiki a ƙafa, abin ya wuce ta tana kwance. Ranar da za a kawo gwangwanin, tun da safe ta sa na yi mata wanka, ta ce a ɗauko mata mayafin Sallah, a shafa mata turare. Mujahida ta durƙusa ta saka mata alamomin biyu a tafin hannu, ta faɗa mata ta wa da ta wa. Sai Inna ta juyo da fuskarta inda nake, ta ce waccan ta fita, ta ja ƙofa. Na fita ina murmushi, amma ta ciki na ciki. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ƙarar abin da ta saki a gwangwani, sannan na ji ta tana dariya irin wadda na daɗe ban ji ba, tana ce wa Mujahida kalas, shi ke nan, yau ita ma ta shiga lissafin mutane. Wallahi sai da na yi ƙwalla don daɗi.

Ga inda matsalar take. Da yake gidanmu ne na farko, Mujahida ba ta riga ta yi tunanin jakar da za a zuba alamar da ta rage ba, sai a gida na gaba ta gyara. Wato wadda Inna ba ta jefa ba ta zauna a wurinta. Washegari ina canza mata shimfiɗa na ɗaga matashi, sai ga ƙwallon dabino, tas da shi kamar waɗanda Mujahida ta wanke. Na kakkaɓe gado, na leƙa ƙarƙashi, ban ga ɗan carbi ba.

Tun ranar ba ni da sukuni. Ina ba ta abinci, ina mata wanka, amma bakina ya yi nauyi, har ta fara tambayar jikokinta ko waccan ba ta da lafiya. Ban ƙi Haifa ta ci ba. Abin da ke ci na shi ne, in matar da ta haife ni, wadda ta fi kowa sanina, ta auna ni ta ga ban isa ba, da wane ido zan tsaya gaban mutane in ce su zaɓe ni? Saura 'yan kwanaki a taru a fasa gwangwani. Zuciyata tana ce mini in zauna in tambaye ta, in ta tabbatar in janye kafin ranar. Me kika gani?

'Yar fari, daga Hindawiyya

Wa alaikumus salam, 'yata.

Kafin komai, ki miƙa wa Mujahida gaisuwata. Yarinyar da ta gane cewa tsohuwa a saman bene da mai girki a Mina suna da bakin magana kamar wadda ke zaune a falo, ta yi abin da ya cancanci a yaba. Allah ya yi mata albarka. Gyara ɗaya nake da shi: zaɓe na gaba kada a yarda da ƙwallon dabino. A garin da kowane gida da dabino ake buɗe baki, da dabino ake tarbar baƙo, ku nemi alamar da ba a tsintarta a ƙarƙashin gado.

Hujjarki ke nan ma ta rushe. Kin samu ƙwallon dabino a shimfiɗar tsohuwa, a Makka, a gidan mai sayar da dabino. Abin da wannan ya tabbatar mini kawai shi ne Inna ta ci dabino. Kin ce tas yake, to wa ya kai tsohuwa tsotse ƙwallo? Ɗan carbi kuwa gangarawa yake yi, ko kuma yana ɗaure a bakin zanenta. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Amma ba zan rufe miki ido ba, yana yiwuwa Haifa ta zaɓa. In haka ne, ba ta yi laifi ba, kuma ba lallai don ta raina ki ba ne. Ke da bakinki kin yabi Haifa. Tana iya kuma duban nauyin da ke kanki, ga jinya ga sana'a, ta ji ba ta son a ƙara miki wani. Jin zafin da kike yi ba abin kunya ba ne, kowane ɗa yana son shaidar uwarsa. Sai dai shugabancin nan mata da yawa ne za su yanke shi, har da waɗanda suka jefa miki ƙwallo kafin su tafi Mina. In kika janye yanzu, kin zubar da ƙuri'unsu, kin kuma zubar da wahalar yarinyar da kike yabo.

Don haka kada ki janye, kuma kada ki tambaye ta. Hannun abayar nan da aka ɗinka a bakin gwangwani, don ke ma aka ɗinka shi. In tsofaffin unguwa suka ji cewa 'yar takara ta titsiye uwarta, gobe ba wadda za ta zura hannu da sakakkiyar zuciya. Ki saki fuska, ki koma hirarku, don makaho ya fi kowa jin shiru. Ranar taro in kin ci ki jawo Haifa jiki, in ita ta ci ki riga kowa yi mata murna.

Sai abu na ƙarshe, wanda na ga kin rubuta shi da hannunki kin wuce. Inna mutuniyar da ce, mai alkunyar ɗan fari. Irinsu ba su yabon 'yar fari a gaban mutane, ba su tare mata faɗa, ba su ko kiran sunanta. Da a falo ake ana ɗaga hannu, ko duniya za ta taru ba za ta ɗaga miki nata ba. Ɗaga wa Haifa hannu a gabanki ba zai yi mata nauyi ba ko kaɗan, abin da ba za ta iya yi kina kallo ba shi ne ta zaɓe ki. Ban san abin da ta saki a gwangwanin ba, ke ma ba ki sani ba. Na dai san tun ranar da ta haife ki, sai yanzu ta samu wurin da za ta iya cewa ke take so ba tare da kowa ya gani ba, kuma ta yi wanka ta sa mayafin Sallah kafin ta shige shi. Ki bar mata abinta.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya ba ki ladan jinya, ya zaɓa muku mafi alheri.

Goggo Maryama