Kirarin Zakaran Iya Ya Jawo Mini Magana

Anti Daso, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis. Shekarata goma sha uku, muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Sentul, a bene hawa na tara, Babana yana karatun digiri na uku. Ni mai kunya ce sosai. Ko kedai, wato kanti, aka aike ni, sai na yi ta maimaita abin da zan faɗa tun daga cikin lif. Tun da korona ta mayar da karatu kan kwamfuta ban taɓa kunna kyamara a ajinmu ba, kullum cewa nake ta lalace.

Ƙofarmu tana kallon ta wasu Indiyawa. Matar gidan, Anti Selvi, nas ce, 'yarta Yalini shekararta bakwai. Da aka sassauta dokar kulle amma ba a buɗe makarantu ba, sai Anti Selvi ta roƙi Mamana in riƙa zama da Yalini lokacin darasinta, domin da malama ta kira sunanta sai ta shige ƙarƙashin tebur. Wai ta lura ina da natsuwa. Anti Daso, ba natsuwa ba ce, tsoro ne.

Na lallashi Yalini, na ba ta alawa, duk a banza. Rannan tana ƙarƙashin tebur sai na tuna Baba ya ce kirari yana sa matsoraci ya miƙe. To ni kirari ɗaya na iya, wanda kakata Iya take yi wa zakaranta a Kano: "Ƙaramin jiki babbar murya, ja mai tada unguwa, yi cara ko ladan ya makara!" Na rera mata ina buga tebur. Ta fito tana dariya, ta karanta jimla guda da ƙarfi. Tun daga ranar ba ta amsa tambaya sai an yi mata shi. Na ce mata waƙar jarumai mata ce ta ƙasarmu.

Shekaranjiya ashe ba mu kashe makirfo ba. Yara talatin da malamarsu duk sun ji ni, har da bugun tebur. Yanzu malamar tana so ranar Alhamis in fito a kyamara in yi wa ajin duka, in kuma faɗi ma'anarsa, wai akwai irin Yalini da yawa. Yalini ta gaya wa kowa akkarta, wato yayarta, ni ke nan, ba ta tsoron komai. Ta kuma ce in ban yi ba, ita ma ta daina magana. In na ƙi, ta koma ƙarƙashin tebur. In na yi, muryata za ta yi rawa, kuma za ta gane wata biyu ina kiranta zakara. Har na yi tunanin in ce mura nake, amma a wannan zamanin mura sai ta sa a killace hawa na tara gaba ɗaya. Yaya zan yi?

Taki,
Mai lalatacciyar kyamara, Sentul

'Yata, na yi dariya har shayina ya huce, ki yafe mini. Batun mura dai ki ajiye shi.

Kina da damar cewa a'a. Ke ma yarinya ce, ba ki ɗauki aikin koyar da yara talatin ba, kuma babu mai ganin laifinki. Sai dai ki duba ɗaya ɓangaren: kin riga kin yi abin da kike tsoro. Ajin nan ya ji muryarki, ba wanda ya suma, ƙari ma suke nema.

Fara da Yalini, tun gobe. Ki gaya mata na zakara ne. Yarinya 'yar shekara bakwai ba za ta yi fushi ba, ƙila ma ta fara cara. Mai wuyar shi ne ki gaya mata ke ma kina jin tsoro. Muddin ta ɗauka jarumi shi ne wanda gabansa ba ya faɗuwa, duk ranar da nata ya faɗi za ta cire kanta daga cikin jarumai. Ta ga akkarta murya na rawa amma tana magana, wannan ya fi mata kirari ɗari.

Sannan ki sanar da Mamanki, ita da Anti Selvi su gaya wa malamar sharaɗinki: minti biyu kawai, ke da Yalini tare, ita ta buga tebur. In fuskoki sun yi miki yawa, ki jingina littafi ya rufe allon, ki kalli kyamara kaɗai. Ki kira Iya ta ƙirƙiro wa Yalini kirari da sunanta, tsofaffi ba sa rasa irin wannan. Sauran yaran kuma kowa ya je kakarsa ta yi masa nasa da yarensu, kada su jingina da ke kullum.

Muryarki za ta yi rawa ranar Alhamis, kada ki jira ta daina kafin ki fara. Allah Ya ba ku sa'a ke da ƙanwarki, Ya kuma yaye mana wannan annoba.

Anti Daso