Zamzam a Kwalbar Inna

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Humrar Inna ta rabu gida biyu.

Jiya da yamma Yaya Rabi ta zuba mata ruwan zamzam. Ba na nan. Ta ce tana zubawa ta ga abin ya koma fari kamar nono, sai ta rufe, ta mayar cikin akwati, ba ta gaya wa kowa ba. Yau da safe farin yana sama, wani abu mai kauri kamar zuma ya kwanta a gindin kwalba.

Wannan ce kwalba ta ƙarshe da Inna ta haɗa kafin rasuwarta bara. Duk amaryar gidanmu da humrar Inna ake kai ta ɗaki, ita da kanta take shafa mata a wuya da bayan kunne. Wannan ta ajiye ta da sunan Najaha, ƴar Yaya, da za a kai ranar Asabar. Ba wanda ya san haɗin. Inna ba ta aunawa, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Akwai humrar da ake yi fara tun asali, a girgiza kafin a shafa. Ta Inna ba irinta ba ce. Garau take, launin shayi, ana hango yatsa ta bayan kwalba.

Na tambayi Yaya dalili. Albarka, in ji ta, kuma ta ga rabin kwalba ba zai ishi amarya da ƙawayenta ba. Na tambayi yawan abin da ta zuba. Ta ce, "Sadiya, nan ba gidan rediyonku ba ne." Gaskiyarta. Na bar aikin jarida, tambaya ce ba ta bar ni ba.

Talata, 7 ga Janairu

Na girgiza, na ɗibi kaɗan a ƴar kwalba, na kai wa Muntaka, malamin kimiyya a lise, wato sakandare, wanda muke kira Mushe kamar duk malamin boko a nan. Ya sunsuna, ya ce ashe yau labo ɗinsu, ɗakin gwaji, zai huta da warin ƙwai.

Bayaninsa, yadda na fahimta. Madarar turare mai ce. Mai ba ya narkewa a ruwa, amma yana narkewa a alkol, wato sinadarin sifirit, kuma alkol ne mafi yawa a turaren ruwan da Inna take jiƙa kayanta da shi. Shi alkol yana shiri da kowa, da mai da ruwa. In ruwan kaɗan ne, yana iya riƙe su duka. In ya yi yawa, sai ya saki mai. Farin da Yaya ta gani ɗigon mai ne ƙanana ƙwarai suna yawo. Da suka kwana sai suka haɗu.

Ya zana kusurwa uku a allo, ruwa, alkol, mai, kowa da kusurwarsa, ya ja layi kamar tudu a ciki. A wajen tudun haɗin abu ɗaya ne, a cikinsa ya rabu biyu. Hajiya, wato Yaya, ta tura kwalbar cikin tudu, in ji shi.

Na ce na san mai sama yake hawa. Ya ce a kan ruwa tsantsa. Ruwan da ke gauraye da alkol ya fi man sandal rashin nauyi, shi ya sa man ya nutse. Ban san wannan ba.

Zamzam ko ruwan famfo, ya ce, duk ɗaya ne a wurin mai. Ya roƙe ni kada in faɗa wa Hajiya haka da sunansa.

Hanya biyu. A tsiyaye ruwan sama, a ceci na ƙasa. Amma wani ɓangare na ƙanshin ya riga ya bi ruwan. Ko a ƙara alkol mai ƙarfi har su sake haɗuwa. Ba a zubar da kome ba, amma ƙanshin zai yi sanyi.

Ni ta farko na zaɓa. A cire kuskuren.

Laraba, 8 ga Janairu

Yaya ta ƙi. Ba a zubar da zamzam, kuma wannan ragowar wanda Inna ta zo da shi ne daga hajjinta. Ban san da wannan ba ma. Na ce ba zubarwa za a yi ba, ajiyewa. Ta ce a ajiye a sha ko a ajiye a kalla?

Na faɗi abin da bai kamata ba, game da mutanen da ke taɓa abin da ba su sani ba. Ta ce ita dai tana tsakar gida lokacin da Inna ke daka farcen turare da sandal, wasu kuwa suna Damagaram suna karanta wa duniya labarai. Ba ta ɗaga murya ba. Ni ma.

Najaha ta leƙo da lalle a ƙafa, ta ce ita ko man gyaɗa aka shafa mata za ta tafi. Ta yi dariya. Daga baya na same ta ta buɗe akwatin tana kallon kwalbar.

Na je farmasi, don dai in sani. Alkol ɗinsu mai lamba 70 ne, wato da ruwa a cikinsa, ga warin kafur. Ba zai yi ba. Na kira wata tsohuwar abokiyar aiki a Damagaram ta nemo alkol mai lamba 95, marar gauraye, ta ba direba.

Ba wai na canza ra'ayi ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Saƙo ya iso. Yaya ta kalli kwalbar alkol ɗin ta ce, wannan ba ƙanin giya ba ne? Na ce shi Inna take zubawa shekara da shekaru, da wani suna. Ta ce to Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Gwaji a labo, a ƴar kwalbar. Mushe yana ɗigawa da sirinji, ina juyawa. An daɗe ba abin da ya canza. Sai farin ya koma kamar ruwan shinkafa, sai ɗigo ɗaya, garau. Ba a hankali ba. Lokaci guda.

Ya hana ni murna, wadda ban yi ba. Layin nan yana motsi da zafi da sanyi, in ji shi. Abin da ya haɗu da rana yana iya rabuwa da asuba. A ƙara kaɗan bayan ya washe, amma kowane ƙari yana rage Inna. Haka ya ce, "yana rage Inna," sai ya ba da haƙuri.

Ƙanshin ya yi sanyi kam. Amma shi ne. Ya ɗan hau mini kai, kamar kullum. Shi ya sa ban taɓa son turare ba.

Juma'a, 10 ga Janairu

Mun yi babbar kwalbar bayan an sauko daga masallaci. Ni da sirinji, Yaya tana juyawa. Can sai ya washe. Ta ɗaga kwalbar, ta sa yatsa a baya, ta ce, "Ga shi." Na ƙara kaɗan kamar yadda aka ce, na tsaya tun kafin in kai inda Mushe ya nuna. Hannuna ne ya tsaya.

Yanzu kwalbar ta cika. Za ta ishi ƙawaye, har da ragi. Ban faɗa mata ba, ta gani.

Ta tambayi wa zai shafa wa yarinyar gobe. Ita uwa ce, ba ta yi. Na ce ban iya ba. Ta ce wuya da bayan kunne ne, ba karatun labarai ba.

Tsumman da na goge sirinji da shi yana cikin jakata. Ban ga dalilin wanke shi yau ba.

Kwalbar tana kan taga, wajen da ya fi sanyi a gidan. Da la'asar ɗin nan garau take. Mushe ya ce sai an ga asuba.