Shanun Mairama da Bankuna Biyu

Gwandu, 9 ga Disamba, 1954.

Zuwa ga ɗana Lukuman, a Kaduna.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Huseina da yara. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a aikinka. Mu nan sai godiya. An yi girbi, gero ya yi kyau, shinkafar fadama ce ruwa ya cinye rabinta.

Takardarka ta iso, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Tun rasuwar mahaifinka nake jiran ka tambayi yadda gwaggonka Mairama ta ƙare da maganar hajjinta, ba ka tambaya ba. Sai yanzu da ofishinku ya sa ka auna bankin gwamnati da na 'yan kasuwa, a ga wanda ya fi iya aiki, ka tuna kana da baffa da ya yi makarantar Midil, ya riƙe alƙalami a Baitulmali kafin a ajiye shi gefe. To, ga amsa.

Ka san shanun da ta gada, waɗanda ke rugar bayan Diggi. Ta sayar da su don kuɗin hanyar Makka, aka rasa inda za a ajiye kafin ayari ya haɗu. Lokacin wani bankin 'yan kasuwa ya kama shago a kasuwar Kalgo. Ɗanta Basharu ya ce a gwada shi yadda ake gwada mai ajiya tun kakanni: a ba shi kaɗan, ranar kasuwa ta gaba a zo ba zato a ce ya kawo, a dubi fuskarsa. Aka yi hakan. Akawun ya shimfiɗa musu tabarma, ya raba goro, ya miƙo kuɗin yana dariya. Aka gwada na gwamnati a Birnin Kabi, aka ce sai takarda ta je Ikko ta dawo, ko gaisuwa mutumin bai amsa da kyau ba. Na gaya musu gwajin nan na wanda aka san gidan ubansa ne, baƙo kuwa zai mayar da ƙarami don a kawo masa babba. Basharu ya ce bokona ya tsufa, ni ma gwamnatin da nake yabo ai ta sallame ni. Mairama ta ce ba za ta ɓata wa ɗa ko ƙane ba, ta raba kuɗin biyu, ta dangwala babban yatsanta a wannan banki da wancan.

Damina ba ta ƙare ba aka wayi gari shagon Kalgo da kwaɗo. Har yau ba wanda ya san inda suka nufa.

Za ka ce ke nan na gwamnati ya ci. Dakata. Da shanu suka tafi, nono ya tafi, sai ta koma kaɗi don ta ci, ta kuma tara guzuri. Kullum mazari da alli, tun hantsi har la'asar, har fatar yatsan ta siɗe sumul. Da muka je karɓar ragowar, ta dangwala, sai tabon tawada kawai, babu zanen yatsa. Takarda ta tafi Ikko, ta dawo, wai ba ita ba ce. Na tsaya gaban akawun da Turancina, na ce ga liman, ga mai unguwa, kowa zai rantse. Ya ce dokarsu ba ta san rantsuwa ba, ta huta da kaɗi har zanen ya dawo. Ta tambaye ni cikin mota wa zai ciyar da ita in ta huta. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ina Gwandu, ina Kalgo, ina Birnin Kabi, takalmina ya ƙare.

Saboda haka ka rubuta musu cewa ɗaya yana da sauri, ya gudu da sauri, ɗaya yana nan daram, kuɗin na ciki, mai su na waje. In ka ga dama kuma, ka nemi wani babba a nan Kaduna da zai karɓi shaidar mutane. Kada ka yi jinkiri, ko don ta samu na hatsi.

Ka gai da Huseina, ka shafa mini kan Isa da Ruƙayyatu. Ka gai da Malam Adamu maƙwabcinka. Innarka Larai tana gaishe ku. Basharu ma ya ce a gaishe ka, ko da yake ba ma doguwar magana da shi yanzu.

Ayarin bana ya tashi daga Kalgo makon jiya, Mairama ta sa aka riƙe ta zuwa bakin hanya ta yi musu addu'a. Ƙafafunta sun riƙe, ko kuɗin sun fito gobe ba ta iya hawa mota. Shanun sun tafi, hajjin ma ya wuce ta.

Ni ne baffanka,
Hamidu Tambari.