Dodon da Ba Ya Jiran Gaisuwa

Laraba, bayan isha'i

Yau ma dodon kan gadar nan na cikin gem ɗina ya kashe ni a waya, kuma wallahi ba laifina ba ne. Saura ƙiris in gama da shi, sai ga muryar Mama daga falo: "Zainab, zo ki gai da Gwaggonki, tun daga Gama ta taso!" Shi kuwa gem ɗin nan ba a iya tsayar da shi ana tsakiyar faɗa. Wanda ya ƙirƙiro shi dai ba a taɓa kiransa gai da baƙi ba. Na je na durƙusa: ina wuni, ya hanya, ya ƙafar, da sauƙi? Kafin in dawo, jarumata tana kwance.

Yaya Sadik har da riƙe ciki. "Ki mayar da shi matakin masu koyo mana, wa zai sani?" Ni zan sani!

Gaskiya akwai abin haushi. Bokayen ciki surutu kamar me, taswirar ba kai ba gindi, sulken da aka ba jarumata ko sauro ba zai tare ba, balle mashi. Amma saran takobin nan! In na kauce wa duka a daidai gaɓa, har a ƙirjina nake ji.

Gwaggo a nan za ta kwana. Gobe da sassafe zan riga kowa durƙusa mata, in gaishe ta har ta gaji, in tambayi lafiyar awakinta ɗaya bayan ɗaya. Sannan in turo ƙofata. Dodo, gobe ba Gwaggon da za ta cece ka.