Gayyar da Ishaku Ya Ƙi Zuwa

Yaya Yohanna,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya aiki, ya matarka Rahila da yara? Mu nan Kafur lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

An yi wa autana Ishaku baftisma a rafi, na yi guɗa har muryata ta dushe. To, ran Asabar maƙwabcinmu Malam Sule ya kira gayyar girbin dawa. Mutumin da ya kawo shanunsa ya yi mana huɗa da damina, lokacin da baban Ishaku ke kwance! Yaron nan ya ce ba ya zuwa, wai suna koyon waƙa a coci, shi yanzu sabon mutum ne.

Ni na kai kunu gonar. Malam Sule ya ce, "Maman Ishaku, ina angon baftisma? Na ajiye masa magirbi." Yaya, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ku sa mu a addu'a, ka gaishe da kowa. Don Allah ka kira shi, yana jin maganarka. Ka gaya masa Yesun da na sani bai taɓa wuce maƙwabci don saurin zuwa waƙa ba.

Ƙanwarka,
Saratu