Kalmar Sirrin da Baba Ya Ce Ya Manta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya sa albarka a aikinka, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan lafiya lau muke. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har ta koma zagayen gidan burodi tana yi wa masu kwaɓa fulawa faɗa. Baba kuwa yana nan yadda ka bar shi, kullum sai ya gutsuri burodin farko ya ce gishiri ya yi kaɗan, alhali likita ya hana shi cin gishirin.

Labarin da zan ba ka ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Kwanakin baya hukumar rajistar kasuwanci ta sanar cewa an gano ɓaraka a shafinta na intanet. Wai wanda ya san hanya yana iya leƙa bayanan mutane, har ya canza su, tun daga adireshi zuwa sunan mai kamfani. Sun ce sun gyara, amma kowa ya duba nasa. Ni ban ɗauki abin da zafi ba, na ce wa zai damu da ɗan gidan burodinmu. Sai ga maƙwabciyarmu mai kantin magani ta shigo a firgice. Ta ce wani ya kira ta, ya faɗi cikakken sunanta da ranar haihuwarta, ya ce daga hukuma yake, ta karanto masa lambar da za a turo mata. Allah ya taimake ta, jikinta bai ba ta ba, ta kashe wayar.

Na kunna kwamfutar ofis, na tambayi Baba kalmar sirri, tunda shi ya yi rajistar da hannunsa. Ya kawar da kai ya ce ya manta. Na nemi a turo mana sabuwa, sai shafin ya nuna an aika ta wani imel da ba namu ba. Da na duba bayanan da kowa ke iya gani, ashe har adireshinmu an mayar wani titi da ban taɓa jin sunansa ba. Ga makarantar da muke kai wa burodi tana jiran sabuwar shaidar rajista kafin ta sabunta kwangilarmu, ga sunan da Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ginawa yana neman komawa hannun wani.

Washegari muka ciro satifiket daga bango, da firam ɗinsa da ƙurar fulawarsa, muka nufi hukumar. Layi ya fito har bakin titi, teloli da kafintoci da masu gyaran mota kowa rungume da takardu. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta gaji tiɓis, amma tana da kirki, ta fara da ba Baba haƙuri. Ta duba katin shaidarsa, ta ce hanya biyu ce. In ya tuna tsohuwar kalmar ya shigar da ita a gabanta, a ranar za ta mayar da komai daidai. In bai tuna ba, sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu da sa hannun abokin tarayya, wato kai, kuma abin zai ɗauki lokaci. Ta juyo masa da kwamfutar. Baba ya laluba aljihu, babu tabarau, ya bar shi a gida.

Ya goge gumi, ya gyara hula. Can ya jawo ni kusa, ya ce in rantse ba zan yi dariya ba, sannan ya raɗa mini a kunne. Ashe bai manta ba, kunya ce ta hana shi faɗa! Kalmar ita ce “Fitilata”, sai shekarar aurensu. Wai da wannan sunan yake kiran Umma tun yana zuwa zance. Baban da ko sunanta ba mu taɓa ji a bakinsa ba, sai dai “ke” ko “uwar yara”! Na buga, shafi ya buɗe. Na cije leɓe har idona ya kawo ruwa, ma'aikaciyar ta zaci kukan murna nake, ta miƙo mini tishu. Kafin mu fito an dawo da imel ɗinmu da adireshinmu, daga baya makaranta ma ta karɓi takardarta.

Ni dai dariya na yi alkawarin ba zan yi ba, ban ce ba zan faɗa ba. Da Umma ta ji, ta rufe fuska da mayafi ta ce tsohon nan ba ya jin kunya. Amma ranar da kanta ta haɗa masa shayi ta kai masa har bakin tanda, ta kore ni daga wajen.

Tun daga nan muka gyara zama. An canza kalmar sirri, an buɗe wa kasuwancin imel nasa daban, kuma yanzu ba a shiga shafin sai an turo lamba a wayata. Na yi fotokofin duk takardunmu, kashi ɗaya na kai gidan Kawu, na kuma ɗauki hotonsu na adana. Ranar hutu 'yan layinmu suka taru a shagonmu, muka bi ɗaya bayan ɗaya muna duba rajistar kowa, ana shan shayi ana tsokanar mai aski da ya sa lambar babur ɗinsa a matsayin sirri. Kai ma don Allah ka canza naka, tunda bayananka suna cikin rajistar. Duk wanda ya kira ka da sunan hukuma yana neman lamba, kada ka ba shi, ko da ya faɗi sunan kakanmu.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da ɗanku Sarkin Tambaya, da 'yar Autarku. Umma da Kawu da Gwaggo suna gaisuwa. Baba ya ga ina rubutu ya tsaya a kaina, ya ce in gaishe ka, in kuma shaida maka cewa duk abin da na rubuta a kansa ƙarya ne.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka mai ƙaunarka.